Ƙyallin mota ba ya makantar da na'urar auna gudu

Akwai wata magana da ke yawo a bakin wasu direbobinmu, a tasha da wuraren wankin mota na Azare: wai idan aka shafe mota da man gogewa har tana ɗaukar ido, ko aka rataya faifan CD a madubi, na'urar da jami'an hanya ke auna gudu da ita ba za ta kama ta ba, domin ƙyallin zai watsar da haskenta. Masu faɗin haka mutanen kirki ne, wasunsu sun tsufa a kan sitiyari tsakanin Kano da Maiduguri. Ina girmama su, amma a nan sun yi kuskure.

Maganar tana da ɗan tushe. Jiki mai santsi yakan karkatar da haske gefe, baƙin fenti kuma yana shanye haske fiye da fari, har yakan ɗan rage nisan da na'urar za ta fara hango mota. Iyakar gaskiyar ke nan.

Na'urorin iri biyu ne. Ta farko, rada, igiyar rediyo take turawa, ta daki ƙarfen mota ta dawo. Babu ruwanta da fenti, balle man gogewa da bai kai kaurin gashi ba. Ta biyu, leza, tana harba wani haske da ido ba ya gani, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka tana lissafa lokacin tafiyarsa da dawowarsa, ta ga yadda tazara ke raguwa, ta fitar da gudun kafin daƙiƙa ta cika.

Jami'in ma ba ƙofa ko bonet yake saitawa ba. Lambar mota da fitilun gaba yake nufa. Duk wanda ya taɓa haska lambar mota da tocila cikin dare ya ga yadda take walƙiya daga nesa: da gangan aka yi ta don ta mayar da haske inda ya fito. A nisan mita 300 faɗin hasken leza ya kai kusan mita guda, ya rufe lamba da abin da ke kewaye da ita. Kaɗan daga cikinsa ya dawo, lissafi ya kammala. Faifan da ke lilo a madubi kuwa, idon direba kaɗai yake kashewa idan rana ta doke shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfin guiwar da wannan magana ke bai wa matashin direba ya ƙara taka totur. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade kilomita 50 a awa cikin gari, 80 ga ƙananan motoci da motocin haya a babbar hanya. Tun 2017 kuma take tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Ba don cin tara kawai aka yi haka ba. Motar da ke gudun 120 tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake yi. Ku tuna hanyar Azare zuwa Potiskum ko Jama'are ranar kasuwa: shanu na tsallakawa, ɗan acaba ya fito ba zato, yara na talla a bakin titi.

'Yan'uwana direbobi, ku goge motocinku, tsafta abin so ce, man kuma yana kare fenti daga rana da ƙurar hunturu. Amma kuɗin da za a kashe don ɓoye wa na'ura, a kai shi ga birki da taya. Sauri kan haifi nawa, kuma fasinjan da ya shiga motarka amana ce da za a tambaye ka a kanta. Allah Ya kai mu gida lafiya.