Daga macijin Kusugu zuwa Spider-Man: Yadda 'bos' ke riƙe labarin wasan gem

A garuruwan gabashin Kano irin su Kademi, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Gaya, da maƙwabciyarta Ajingi, matashi bai cika haɗuwa da Spider-Man a na'urar PlayStation 5 ba, saboda tsadarta da kuma matsalar wuta.

A wayar Android ya fi ganin sa, ta manhajar PPSSPP mai buɗe tsofaffin wasannin PSP irin su Spider-Man 3 da God of War, waɗanda abokai ke tura wa juna ta Xender.

Sai dai maganganun da ke cikin wasannin da Turanci suke. Shi ya sa da yawa kan tsallake wurin da ake ba da labari su zarce wurin faɗa. A nan ne kuwa aka yi bayanin ko wane ne bos, da abin da ya mayar da shi mugu.

Mugun da ka sani

Wasan Marvel's Spider-Man, wanda kamfanin Insomniac Games na Amurka ya fitar a 2018, ya sayar da kwafi miliyan 3.3 cikin kwana uku. Ban da daɗin lilo tsakanin benayen New York, abin da aka fi yaba masa shi ne yadda ya gina mugayensa.

Babban bos ɗin, Dokta Otto Octavius, ba baƙo ba ne. Ubangidan Peter Parker ne a ɗakin bincike, kuma da hannun mai wasan ake gyara na'urorin da daga baya za su zama makamansa. Ciwon jijiya na cin jikinsa, ga tsohuwar gaba tsakaninsa da magajin gari Norman Osborn, wanda ya sa aka yanke masa kuɗin bincike. Kafin a zo faɗan ƙarshe, mai wasan ya riga ya shaƙu da shi.

Shi ma ɗaya mugun, Martin Li, da rana shi ke ɗaukar nauyin gidan marasa galihu inda May, matar da ta riƙe Peter, take aiki. A ƙarshe maganin annobar da ta ɓarke ɗan kaɗan ne: ko Peter ya ba May, ko ya bari a yi amfani da shi a haɗa wa dukan gari. Ya zaɓi gari, May ta rasu.

Haka kamfanin Rocksteady na Ingila ya yi a wasannin Batman. A Arkham City na 2011, Joker ya sa wa Batman gurɓataccen jininsa, sai neman magani ya zama dole a kan su biyun.

Inda ake tuntuɓe

Ba kullum ake dacewa ba. A Arkham Knight na 2015 an ɓoye fuskar bos har kusan ƙarshe, amma masu bibiyar labarin Batman sun riga sun gane Jason Todd ne, tsohon yaronsa. A Spider-Man 2 na 2023 kuwa, masu sharhi da dama sun ce an gaggauta labarin Venom bayan an ɓata lokaci mai tsawo a kan Kraven.

Kamfanin Warner Bros. Discovery ya ce wasan Suicide Squad: Kill the Justice League na 2024, wanda aka soki maimaicin ayyukansa da raunin faɗan ƙarshensa, ya ja masa giɓin kusan dala miliyan 200.

Darasin da ke cikin waɗannan shi ne, ƙaramin labarin mugu yana amfani ne idan ya taɓa jarumin a jikinsa ko a gidansa. Idan an jera mugaye don a tsawaita wasa kawai, mai wasan kan gaji.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar Gaya

Mutumin Kademi ba baƙon irin wannan gini ba ne. A labarin Bayajidda, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura. Abin da ya sa macijin ya zauna a zukata ba girmansa ba ne, hana mutane ɗiban ruwa ne sai ranar Juma'a. Duk wanda ya taɓa bin layin rijiya da rani ya san zafin wannan zalunci.

A littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, makircin Waziri ne ya ɗaure labaran kashi na farko: aku na ta ba Musa ɗan sarki labari don kada ya fita ya faɗa tarko. A Ruwan Bagaja kuma, Malam Zurƙe yana ɓullo wa Alhaji Imam gari bayan gari, yau ya yi nasara, gobe a rama. Masu tsara gem na kashe maƙudan kuɗi don samun abokin gaba mai dawowa irin wannan.

Ga kuma Gizo na tatsuniya, wanda ba jarumi ba ne sosai, ba kuma mugu ba ne sosai.

Wa zai fara?

Kasuwar fassara ta riga ta nuna hanya. Kamfanoni irin su Algaita a Kano sun mayar da finafinan Indiya Hausa, har wanda bai taɓa shiga aji ba yana bin labarin ya san dalilin bos. Manyan wasannin jarumai na PlayStation kuwa ana fassara su zuwa harsuna da dama, ciki har da Larabci, amma babu Hausa.

A wasu sassan Afirka an fara motsi. Kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016 bisa al'adun nahiyar, Comic Republic na Legas na zana jarumai irin su Guardian Prime, Maliyo Games kuma na yin wasannin waya.

Kayan aikin haɗa gem irin su Godot kyauta ne, kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, maƙwabciyar Gaya, tana koyar da ilimin kwamfuta. Marubutan littattafan Hausa da na Kannywood kuma sun daɗe da sanin yadda ake gina azzalumin kawu ko maci amanar aboki.

Abin da ya rage shi ne waɗannan ɓangarori su zauna tare. Ga mai son gwadawa, ƙaramin wasan waya da ba ya buƙatar data, mai maganganu da Hausa, wanda zai fara daga maƙerar Gaya ya ƙare a bakin rijiyar Kusugu, ya isa matakin farko.