Tsofaffin Zakarun Kiɗan Rok a Dandamali Ɗaya: Wa Zai Rufe Taro?

A watan Janairun 2014 mutum huɗu na ƙungiyar mawaƙan nan ta Amurka, Mötley Crüe, suka tara 'yan jarida a Los Angeles, suka sa hannu a wata takarda da lauyoyi suka rubuta. Abin da ke cikinta shi ne da zarar shekarar 2015 ta ƙare, ba za su ƙara fita rangadin waƙa da sunan ƙungiyar ba. Hujjarsu ita ce ba sa so su zama irin tsofaffin mawaƙan da ke yi wa jama'a bankwana yau, gobe su dawo. Mai kaɗa musu jita, Mick Mars, har cewa ya yi idan suka karya alkawari, kowa ya zo kallo kyauta. Daren 31 ga Disamba 2015 suka yi wasan da suka kira na ƙarshe a zauren Staples Center, masoya suka watse da yaƙinin an rabu ke nan.

Shekara huɗu ba ta cika ba suka lashe amansu. A Nuwamban 2019 suka saki wani gajeren bidiyo inda aka tarwatsa takardar da abin fashewa. Ashe tun farko an bar ƙofa a yarjejeniyar: idan duka huɗun suka amince, za a iya soke ta. Shi kuma Mars ya ce maganar shiga kyauta wasa yake yi. Bayan 'yan makonni aka sanar da cewa za su zaga manyan filayen wasa na Amurka tare da Def Leppard ta Ingila, da Poison, da Joan Jett. Masoya suka yi ta zagi, wasu na cewa an yaudare su sun sayi tikitin bankwana da tsada. Sai dai masu zagin nan su ne suka yi layin sayen sabon tikitin.

Kiɗan da ake magana a kansa shi ne zazzafan rok, wanda ya taso a Ingila da Amurka a ƙarshen shekarun 1960 a hannun irin su Led Zeppelin da Deep Purple da Black Sabbath. Kayansa ba su da yawa: jita mai aiki da lantarki da ake ƙure wa murya har ta riƙa gurnani, wata jitar mai kaurin sauti, jerin ganguna da faranti, sai mawaƙi mai iya ƙwala ihu ba tare da ya kauce wa kiɗa ba. A shekarun 1980 ya ci kasuwarsa. Kundin Hysteria na Def Leppard, wanda ya fito a 1987, an sayar da fiye da kwafi miliyan 20. Dr. Feelgood na Mötley Crüe ya hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1989. Daga nan iska ta juya. A 1991 Nirvana ta fito da Nevermind, matasa suka koma can, masu dogon gashi da wandon fata suka zama abin dariya. A 1999 kuma manhajar Napster ta koya wa duniya sauke waƙa kyauta daga intanet, cinikin faifai ya fara durƙushewa. Mawaƙin da a da yake fita rangadi don tallar faifansa, sai ya wayi gari rangadin ne abincinsa.

Haɗakar Mötley Crüe da Def Leppard ta samo asali ne daga lissafi. Rufaffen zauren wasa a Amurka yakan ɗauki mutum dubu 15 zuwa 20. Filin ƙwallo kuwa yakan ci dubu 40 ko fiye. Ƙungiya irin Def Leppard za ta iya cika zaure ita kaɗai, amma filin ƙwallo ya fi ƙarfinta, haka ma Mötley Crüe. Idan aka gama su, aka ƙara da Poison, masoyan kowacce za su zo, kuma galibinsu mutane ne 'yan shekara hamsin zuwa sama masu abin hannu, waɗanda suka yi samartaka da waƙoƙin nan duka. Dandamali ɗaya za a kafa, fitilu da lasifiku ɗaya, kuɗin hayar fili ɗaya. Cutar korona ta sa an ɗage rangadin sau biyu, sai ranar 16 ga Yuni 2022 aka buɗe shi a Atlanta, aka rufe a Las Vegas ranar 9 ga Satumba. Wasa 36 aka yi, an sayar da tikiti kusan miliyan 1.3, kuɗin da ya shigo ya haura dala miliyan 173. Wato kowane dare an tara mutum wajen dubu 36, an kwashi abin da ya kusa dala miliyan biyar. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma masu shirya rangadi sun riga kowa ganewa.

Def Leppard ce gwanar wannan dabara. Ta zaga da Journey a 2006, ta sake a 2018, ta kuma a 2024. Ta yi da Kiss a 2014, ta yi da Poison sau da dama. Har ma a Janairun 2018, ranar da ta amince a saka tsofaffin waƙoƙinta a manhajojin sauraron waƙa bayan doguwar turjiya, a ranar ce ta sanar da rangadinta da Journey.

Gardamar farko da ke tashi tsakanin masoya duk lokacin da aka ce an haɗa manya biyu ita ce: wa zai rufe taro? A al'adar wannan kiɗa, wanda ya hau dandamali a ƙarshe shi ne babba. Shi ke samun duhun dare, lokacin da fitilu da tartsatsin wuta suke fitowa da kyau, shi ke samun taron a cike. Wanda aka sa da la'asar kuwa, rana na dukansa, rabin kujeru babu kowa, jama'a na can layin sayen abin sha. A 2022 an kashe wutar rigimar da karɓa-karɓa: yau Def Leppard ta rufe, gobe Mötley Crüe. Masoya suka koma bin diddigin wace ce za ta rufe a garinsu kafin su sayi tikiti. Haka aka yi a 2002 da aka haɗa David Lee Roth da Sammy Hagar, mutum biyu da kowannensu ya taɓa zama mawaƙin Van Halen kuma ba sa ga maciji da juna.

Tarihi ya nuna maganar ba ƙarama ba ce. A watan Agustan 1989 aka kwashi Bon Jovi da Mötley Crüe da Ozzy Osbourne da Scorpions da wasu zuwa Mosko don wani bikin waƙa na kwana biyu a filin wasa na Lenin. 'Yan Mötley Crüe sun ce an yi musu alkawarin babu babba babu ƙarami, kuma babu mai kunna wasan wuta. Sai ga Bon Jovi ta rufe taro da tartsatsi a sama. Mai gangar Mötley Crüe, Tommy Lee, ya nufi manajansu Doc McGhee, wanda shi ne kuma manajan Bon Jovi, ya kai masa naushi, ƙungiyar ta sallame shi. Akwai kuma abin da babba ke tsoro ya fi komai, wato yaron da aka ɗauko ya share fage ya fi shi haskawa. Ya faru a 1978, lokacin da Black Sabbath, wadda gajiya da shaye-shaye suka cinye, ta ɗauki sabuwar ƙungiya Van Halen don ta buɗe mata wasa. Kullum dare sai yaran sun ƙwace taron, abin da mawaƙin Black Sabbath, Ozzy, da bakinsa ya amsa daga baya. Shekara na zagayowa aka kore shi daga Black Sabbath.

Mafi muni shi ne abin da ya auku a Montreal ta Kanada ranar 8 ga Agusta 1992, a rangadin haɗin gwiwar Metallica da Guns N' Roses. Ana tsakiyar wasan Metallica, jagoranta James Hetfield ya taka inda wutar dandamali ke tashi, harshen wuta ya ƙone masa hannu, aka garzaya da shi asibiti. Jama'a suka zauna jiran Guns N' Roses ta share musu hawaye. Ba ta fito da wuri ba, kuma da ta fito, mawaƙinta Axl Rose ya yi 'yan waƙoƙi ya sauka, yana kukan maƙogwaro da rashin kyawun sauti. Taron ya rikiɗe ya zama tarzoma, aka fasa tagogi, aka kife motoci. Har yau masoyan ƙungiyoyin biyu ba su gama musu a kan daren ba.

Gardama ta biyu ta tsawon wasa ce. Ƙungiyar da ke rangadi ita kaɗai takan yi awa biyu ko fiye, ta tono waƙoƙin da rediyo bai taɓa sakawa ba. A haɗaka kuwa kowace babba awa ɗaya da rabi take samu, ƙanana ƙasa da haka, don haka sai fitattun waƙoƙin da kowa ya sani. Riƙaƙƙen masoyi da ya haddace kowane faifai yana ganin an cuce shi, ya biya kuɗi mai yawa don jin abin da ya ji sau ɗari. Mutumin da ya zo da matarsa don tuna ƙuruciya kuwa abin da yake so ke nan. A gaskiya na biyun ne ke cika fili, kuma masu shirya wasa ba su taɓa ɓoye wanda suke yi wa aiki ba.

Amma zancen da ya fi zafi yanzu shi ne na tsufa, da tambayar ko abin da ake ji daga lasifika hannun mutum ne ke kaɗa shi. A daren farko na rangadin 2022 a Atlanta, Tommy Lee ya buga 'yan waƙoƙi ya shaida wa jama'a cewa haƙarƙarinsa huɗu sun karye, ya miƙa sanduna ga Tommy Clufetos. Mawaƙin Mötley Crüe, Vince Neil, ya sha suka saboda numfashi na yanke masa yana haɗiye kalmomi, kuma a zamanin da kowa ke riƙe da waya, kuskuren dare ɗaya duniya ce ke kallonsa da safe. Ana gama rangadin, a Oktoban 2022, Mick Mars mai shekara 71 ya ce ya daina tafiye-tafiye saboda ciwon ƙashin baya da ya daɗe yana sandarar masa da jiki, aka ɗauko John 5 a madadinsa. A Afrilun 2023 Mars ya kai abokan aikinsa kotu a kan kasonsa, kuma a cikin ƙarar ya yi zargin cewa wani ɓangare na kiɗan da aka ji a rangadin naɗaɗɗe ne aka kunna. Ƙungiyar ta musanta. Masoya suka rabu biyu, wasu na cewa duk mai babban wasa a yau yana ɗan jingina da na'ura, wasu na cewa to me ya raba shi da kunna faifai a gida?

A wannan fanni Def Leppard na da abin da ke rufe bakin masu suka. Ranar 31 ga Disamba 1984 mai gangarta Rick Allen, yana ɗan shekara 21, ya yi hatsarin mota a kusa da Sheffield, garinsu, hannunsa na hagu ya guntule. Likitoci sun mayar da shi, ciwo ya shiga, aka sake cirewa. Abokansa ba su maye gurbinsa da wani ba. Aka haɗa masa ganguna masu aiki da lantarki, aka jera masa matakai a ƙasa, ƙafarsa ta hagu ta karɓi aikin hannun da ya rasa. Wanda ya zauna kusa da dandamali zai ga hannun dama yana kai da kawo a kan faranti, ƙafafu biyu kuma, sau da yawa ba takalmi, suna tattaka ƙarafa kamar mai ɗinki da keke. A Agustan 1986 ya fito gaban dubban jama'a a bikin Monsters of Rock na Donington, kuma har yau shi ne a kujerar. Na'ura ce ke fitar da sautin, amma kowane bugu nasa ne, kuma ba a cika jin mai cewa wannan ha'inci ne ba.

Duk da gunaguni, abin da ke tura mutane sayen tikiti shi ne sun san lokaci na ƙurewa. Aerosmith ta fara rangadin bankwana a 2023, wasa uku kacal ta yi maƙogwaron mawaƙinta Steven Tyler ya samu rauni, a Agustan 2024 ta ce ta haƙura. Ranar 5 ga Yuli 2025 aka yi taron da ya fi kowanne tara manya, a filin Villa Park na Birmingham, inda Metallica da Guns N' Roses da Slayer da Pantera suka yarda kowacce ta yi 'yan mintoci don a karrama Black Sabbath. A ranar babu wanda ya yi musun wa zai rufe. Ozzy, wanda cutar Parkinson ta hana tsayuwa, ya yi waƙa a zaune a kan wata baƙar karaga, sannan ya haɗu da abokansa na Black Sabbath, Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward, suka yi waƙa huɗu. Ranar 22 ga watan ya mutu yana da shekara 76.

Sauran tambayar ita ce me zai faru idan mutanen sun ƙare, suna ya rage. Lynyrd Skynyrd ta rasa Gary Rossington, na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa ta, a Maris 2023, amma a bazarar shekarar ta fita rangadi da ZZ Top, wadda ita ma ta rasa Dusty Hill a 2021. Jama'a sun je. Kiss, wadda ta taɓa yin rangadin bankwana a 2000 ta dawo, ta yi na biyu ta rufe shi a Madison Square Garden ranar 2 ga Disamba 2023. Mawaƙan na sauka daga dandamali aka haska surorinsu na kwamfuta a allo suna kiɗa, aka ce su ne za su ci gaba. A Afrilun 2024 kamfanin Pophouse na Sweden, wanda ke da hannu a wasan surorin ABBA a Landan, ya sayi waƙoƙin Kiss da sunanta da kamannin fuskokinta a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 300.