Bindigar Sallah Ta Da Da Ta Yanzu

Wanda ya yi ƙuruciya kafin zuwan wayar hannu ya san warin nan na albarushi da ke kama yatsu ranar Sallah. Barka da Sallah na shiga hannu, sai gaban mai tebur. A ɗora wa bindiga jan zobe mai gurbi takwas, ko naɗaɗɗiyar jar takarda mai ɗigo-ɗigo, a ja kunama, ta ce tas, siririn hayaƙi ya tashi, wanda aka harba ya faɗi a kan yashi yana dariya. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya nemi mukulli mai rami, ya kankare kan ashana ya dura, ya toshe da ƙusa ya maka a bango. An ƙone yatsu, ba a musu, amma da wuya labarin ya wuce tsakar gida.

Asalin wannan bindiga Amurka ne. Ta fito bayan yaƙin basasarsu da ya ƙare a 1865, ta kuma yi tashe a shekarun 1950, lokacin da finafinan kaboyi suka mamaye talabijin, kowane yaro yana son ya zama jarumin kaboyi Roy Rogers. Abin da ke cikin ɗigon nan ɗan garin sinadari ne mai fashewa da an buge shi. Ƙara da hayaƙi kawai bindigar take yi, ba ta jefa komai.

Uba yau ya tsaya gaban mai tebur, yaro na jan rigarsa, "Baba, saya mini," sai ya tuna tasa ta da, ya zaro kuɗi. Bai lura ba cewa akasarin bindigogin da ke kan teburin yanzu harsashi suke tofarwa, 'yan ƙwayoyin roba masu tauri, masu faɗin milimita 6. A jiki zafi ne na ɗan lokaci. A ido kuwa suna iya tara jini a gaban ƙwayar, su jawo yana, su fasa idon ma ɗungurum. A watan Yulin 2015 gwamnatin Afganistan ta haramta bindigogin wasa, bayan da fiye da mutum 100, yawancinsu yara, suka ji ciwo a ido a kwanakin ƙaramar Sallah kaɗai. Yaranmu ma a fuska suke auna juna, don a nan ake gane an samu mutum.

Sai kamannin. Wasu baƙaƙe ne wuluk, girmansu da sifarsu kamar ta gaske, da magariba ba mai bambancewa. Tun 1988 dokar Amurka ta ce a sa wa bakin bindigar wasa alama mai launin ruwan lemo. Duk da haka a Nuwamban 2014 ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a birnin Cleveland, yana riƙe da irin wannan bindiga wadda alamar ta fita daga bakinta. To ina ga garuruwanmu da ke cike da shingen bincike da 'yan sintiri, kowa a tsorace? Matashi ya fito daga lungu da dare da wannan abu a hannu, wa zai tsaya tambayarsa?

Ko mai ƙarar ma ba a sakar wa yaro ita haka nan. Harba ta dab da kunne na iya lalata ji, kuma zoben albarushin kan tashi a aljihu in ya gogu da makullai ko tsabar kuɗi. In dai dole sai an saya, a zaɓi mai launi mai haske wadda ba ta jefa komai, ko ta fesa ruwa, a leƙa cikin ledar tun a gaban mai tebur a ga ko da ƙwayoyi.

Idan ƙaddara ta riga fata, kada a bar yaro ya murza idon. Kada a ɗiga nonon uwa, ko ruwan sukari, kada a sa kwalli, kada a hura masa baki a ciki. A yanko gindin kofin roba mai tsabta a kife a kan idon yadda ba zai danne shi ba, a liƙe da filasta, a wuce asibiti a ranar, wurin da ke da likitan ido. Ban da asfirin, yana ƙara zubar jini. Ko yaro ya daina kuka ya koma wasa, a kai shi, domin jinin cikin ido kan sake tsinkewa bayan 'yan kwanaki. In kuwa mai sikila ne, ko da ɗauke da ita kawai yake, a faɗa wa likita tun kafin ya tambaya, don su jinin nan ya fi saurin taɓa musu jijiyar gani.