Hoton Ƙirji Kafin Biza: Me Likita Yake Nema?

Mutanen Wurno da Raba da Goronyo ba baƙin binciken lafiyar matafiyi ba ne. Kowace shekara maniyyata aikin Hajji sukan yi layi a karɓi allurar sanƙarau, kuma dattawa ba su manta da 1996 ba, shekarar da annobar ta kashe mutum fiye da 11,000 a Arewa, har Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga. Sai dai wanda ke neman bizar zama a wata ƙasa, don karatu ko aiki ko bin iyali, bincikensa ya fi na mahajjaci zurfi. Ƙasar Ingila, alal misali, ba ta duba takardun ɗan Nijeriya mai son zaman fiye da wata 6 sai ya haɗa da shaidar cewa ba ya ɗauke da tarin fuka. Ba kuma kowane asibiti ne ke ba da ita ba, sai wanda suka amince da shi, kamar a Abuja ko Legas.

To, me ya sa tarin fuka? Domin ta iska yake yaɗuwa, kuma ƙwayar da ke haddasa shi, wadda Bajamushe Robert Koch ya gano a 1882, gwanar ɓuya ce. An ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ta taɓa shiga jikinsu. A mafi yawansu garkuwar jiki takan killace ta, ta kwanta lamo, ba tari, ba rama, ba kuma ta kama wani. Wanda likita ke nema shi ne wanda ta farka a huhunsa. Shi ya sa ake fara ɗaukar hoton ƙirji.

Idan hoton ya nuna tabo, ko da na tsohon ciwo ne, sai a karɓi majinar ƙirji sau 3 a safiya daban-daban, a shuka ta a ɗakin gwaji. A nan ne gaggawar matafiyi ke karo da halin ƙwayar. Ɗalibi ya lura da wannan lissafi: ƙwayar bakteriya ta cikin hanji takan rabu biyu cikin minti 20, amma ta tarin fuka, wadda ke lulluɓe da bango mai kauri na kitse, sai ta yi awa 15 zuwa 20. Saboda haka likita kan jira har mako 8 kafin ya ce babu ita. Ba a sayen wannan lokaci da kuɗi, ba a kuma rage shi da sanayya. Wanda ya bar gwajin sai ana saura wata guda a buɗe makaranta, ya riga ya sa zangon karatunsa cikin hatsari. Wanda kuma ya yi azarɓaɓi, ya sani wata 6 kacal takardar take aiki.

Akwai wani ruɗani da ya shafi tabon nan na dantsenmu. Allurar BCG ce da ake yi wa jarirai, wadda aka fara amfani da ita a Faransa a 1921. Takan sa gwajin fata ya nuna cuta alhali babu, dalilin da ya sa Amurka ta koma ga gwajin jini a 2018.

A ganina, mafi hikima shi ne a fara daga gida. Duk mai tarin da ya wuce mako 2, musamman da zufar dare ko rama, ya je asibiti tun bai nemi fasfo ba. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata 6 ake sha ba fashi, kuma wanda ya warke ana ba shi shaida. Sai ya adana takardun jinyar nan da kyau, domin tabon huhu yakan daɗe bayan ƙwayar ta mutu, kuma su ne za su yi wa likitan Abuja bayaninsa.