Hattara da Tururin Nebulaiza: Mai Jinya Ma Yana Shaƙa

Hunturu ya shigo da hazo da ƙurarsa, masu ciwon asma sun fara cika asibitoci, gidaje da dama kuma sun sayi tasu nebulaiza, na'urar nan da ke mayar da ruwan magani tururi don a shaƙa. To, iyaye mata da ma'aikatan jinya, a yi hattara: farin tururin da ke fita ta gefen takunkumi magani ne, kuma bayan maras lafiya babu hancin da ya fi kusa da shi kamar na mai riƙe da shi.

Nebulaiza mai aiki da kwamfuresa ba ta daina feshi, ko maras lafiya na jan numfashi ko yana fitarwa. Jan numfashi kuwa kusan sulusin lokacin ne kawai, don haka magani mai yawa ɗaki yake tafiya. Ɗigonsa ƙanana ne ainun, suna daɗewa suna shawagi bayan an kashe na'ura. Masu bincike a Galway ta ƙasar Ailan sun gwada abin ta hanyar injin da ke kwaikwayon numfashin mutum, suka auna iskar wurin da mai jinya ke tsayawa. Sakamakon da suka fitar a 2019 ya nuna takunkumi ya fi bututun baki zubar da magani, sa matata a mafitar numfashi kuma na rage zubar ƙwarai.

Me mai jinya ke kwasa? Maganin salbutamol, idan ya yi yawa, na kawo bugun zuciya da rawar hannu. Ipratropium in ya shiga ido na iya buɗe ƙwayarsa, har ya tayar da hawan ruwan ido ga mai saurin kamuwa. Ribavirin kuwa mai juna biyu ba ta kusantar tururinsa, saboda tsoron cutar da ɗan tayi.

Babban abin tsoro shi ne tarin da tururin ke tayarwa, mai watsa ƙwayoyin cuta. A 2003, a Asibitin Prince of Wales na Hong Kong, an riƙa yi wa wani maras lafiya nebulaiza sau huɗu a rana ba a san cutar SARS yake ɗauke da ita ba. Likitocin asibitin sun ba da rahoton mutum 138 da suka kamu, rabinsu ma'aikatan lafiya, kuma sun zargi na'urar da taimaka wa yaɗuwar. Mu da tarin fuka bai bar mu ba, ga ɗakunanmu a rufe ruf saboda sanyi, wannan izina ce.

Kada wanda ya fasa ba da magani saboda wannan gargaɗi. Asma na kisa cikin ɗan lokaci. Gyara za a yi. A buɗe tagogi, ko a fita tsakar gida. A fitar da sauran yara, tsofaffi da masu ciki. Takunkumi ya zauna daram a fuska, a daina riƙe shi nesa da hancin yaro wai don kada ya yi kuka: shi bai samu ba, uwa ta shaƙe. Wanda ya iya riƙe bututun baki a ba shi. Mai jinya ya zauna ta baya, ma'aikacin asibiti ya sa takunkumin N95 idan ana zargin tarin fuka. An gama, a wanke fuskar yaro da kofin maganin, a shanya.

A kuma tambayi likita batun inhela, ƙaramar na'urar fesa magani a baki, da mazurarinta. A yawancin tashin asma tana aiki daidai da nebulaiza, ba ta kuma cika ɗaki da tururi. Wanda ya karanta ya gaya wa maƙwabciyar da ke da na'urar nan, tun kafin dare ya yi tari ya tashi.