Mu san bobuwa, mu tsare bisashenmu

Manoma da makiyayan Madawa, Buza da Keita, ruwa arziki ne. Fadamun Tarka da Magiya suna ciyar da mu. Madatsun da aikin raya karkara na Keita ya gina tun daga shekarar 1984 sun tsayar da ruwa a wurare da yawa. Amma inda ruwa ya kwanta, laka ta yi sanyi, nan bobuwa take hayayyafa.

Yadda take rayuwa

Macen bobuwa kaɗai ke cizo, domin sai ta sha jini take yin ƙwai. Namijin ruwan fure yake sha. Tana zuba ƙwai a jikin ciyawar bakin tabki. Tsutsotsin su faɗa cikin laka, su yi watanni a ciki kafin su zama ƙudaje. Shi ya sa take yawa daga tsakiyar damana zuwa kaka.

Yadda za mu gane ta

1. Babbar bobuwa: tsawonta kan kai santimita 2. Idanunta manya ne, fukafukanta garau, kuma tana ƙugi in tana tashi.

2. Ƙaramar bobuwa: launinta toka-toka ne, fukafukanta da ɗige-ɗige. Tana sauka shiru, sai dai a ji zafi.

3. Ƙudan turke: shi ba bobuwa ba ne. Ya yi kama da ƙudan gida, amma yana da baki mai tsini a gaba. Ƙafafun dabba yake cizo, kuma cikin jiƙaƙƙen taki yake hayayyafa.

Kada mu ɗauke su ƙudan tsando. Tsando yana ɗora fiffike ɗaya bisa ɗaya kamar almakashi, kuma babu shi a yankinmu.

Cutar da take kawowa

Bakin bobuwa yanka fata yake yi. In dabba ta ji zafi ta kore ta, sai ta faɗa wa ta kusa da sauran jini a bakinta. Haka take ɗaukar ƙwayar sammoren raƙuma daga marar lafiya zuwa mai lafiya. A shekarar 1880 aka gano ƙwayar a ƙasar Indiya, cikin jinin dawaki da raƙuma.

Raƙumin da ya kamu yana zazzaɓi, yana ramewa, tozonsa ya zube, cikin idonsa ya yi fari. Taguwa ta rage nono ko ta yi ɓari. Doki kuwa cikinsa da ƙafafunsa su kumbura, sau da yawa ya mutu.

Abin da za mu yi

Ƙwayar ba ta daɗewa da rai a bakin ƙuda. Saboda haka mu ware dabbar da ta kamu, mu kai ta nesa da garke. Mu shayar da sassafe ko da maraice, don da tsakar rana bobuwa ta fi cizo. Mu ɗaure bisashe nesa da fadama, mu yi musu hayaƙi, mu kwashe taki. Kada mu yi wa dabbobi biyu allura da tsinke ɗaya.

Cutar ba ta da allurar rigakafi, amma tana da magani. Da mun ga alama, mu garzaya wurin ma'aikacin kiwo, ya auna maganin daidai da nauyin dabba. Raƙumi ɗaya dukiyar gida ce, kada mu jira sai ya kwanta.