Sabon Katin Hoto Cikin Tsohuwar Kwamfuta: Shiga Rami Ba Shi Ne Aiki Ba

A ofisoshi da gidaje da yawa na ƙasarmu, kwamfutar da ake aiki da ita ta haura shekara goma, wasu ma sai da suka gama aiki a Turai kafin su iso mana. In aiki ya yi mata nauyi, kamar zanen taswira ko harhaɗa majigi, sai a ce a ƙara mata katin hoto, wato ɗan allon nan mai sarrafa hoto ya aika da shi ga gilashin kallo. A fidda kuɗi a sayo, a cusa, a kunna, gilashi ya tsaya baƙi ƙirin. Mai saye ya ce an cuce shi, ɗan kasuwa ya rantse lafiya lau ya ba da kayansa. Sau da yawa duka biyun gaskiya suka faɗa. Katin lafiyarsa ƙalau, uwar allo ce, wadda masu gyara ke kira kart mer, ba ta yi zamani da shi ba.

Abin dubawa na farko shi ne ramin da ake cusa katin. Kamfanin Intel ya fito da ramin PCI a 1992, AGP ya biyo baya a 1997, sa'an nan PCI Express ya shiga kasuwa a 2004. Katin ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, kuma wanda ya danna da ƙarfi ya yi hasarar duka biyun. Shi PCI Express yana da hali mai kyau: an sake fasalinsa sau da dama, amma sabon kati yana shiga tsohon rami, ya yi aiki daidai da saurin ramin. Wannan hali ne ke yaudarar mutane, su ɗauka tun da ya shiga magana ta ƙare.

Alhali nan ta fara, domin akwai zancen wuta. Ramin da kansa ba ya ba da fiye da wat 75. Katin da ke son fiye da haka sai an jawo masa waya ta dabam daga akwatin wuta: mai baki 6 tana ƙara wat 75, mai baki 8 tana ƙara 150. To, ƙananan kwamfutocin ofis irin na Dell da HP an ƙera su ne don rubutu da lissafi. Akwatin wutar da yawa daga cikinsu bai wuce wat 240 ba, kuma ba shi da waɗannan wayoyi. Alamar ƙarancin wuta ba ta ɓuya: kwamfuta ta tashi lafiya, da an ɗora mata aiki mai nauyi ta mutu ko ta sake tashi da kanta. Wasu masu gyara kan yi dabarar haɗa wayoyi don su ciyar da katin. A ganinmu wannan ɗora wa jaki kayan raƙumi ne, kuma in akwatin wuta ya ƙone ba kullum yake tafiya shi kaɗai ba, yakan tafi da faifan da aka ajiye aikin shekaru a ciki.

In rami ya dace, wuta ta wadata, gilashi kuma ya ƙi haske, sai a fara da abu mai sauƙi kafin mai wuya. Shin wayar gilashi tana jikin sabon katin, ko an bar ta a tsohon bakinta na uwar allo? Ko gwanaye sukan yi wannan mantuwa. Shin rami ya cika da ƙurar hunturu? A kashe, a zare waya daga bango, a cire katin, a hure ramin, a mayar har ya zauna daram.

Abu mai wuyar shi ne BIOS, ɗan tsarin nan da ke tada kwamfuta kafin Windows ya shigo. Tun wajen 2012 yawancin sababbin kwamfutoci sun koma ga magajinsa, UEFI. Tsohon BIOS da sabon kati wani lokaci kamar baƙi biyu ne da babu tafinta tsakaninsu. Kamfanin AMD ma ya sanar a 2025 cewa katunansa na jerin RX 9000 da UEFI kaɗai ya amince su yi aiki. Wani lokaci sabunta BIOS yana warware matsalar, amma kada a taɓa wannan aiki sai da batirin ajiyar wuta, domin in lantarki ya ɗauke ana tsakiyarsa, uwar allo na iya mutuwa gaba ɗaya.

Akwai kuma manhajar da ke haɗa kati da Windows. Nvidia ta daina yi wa Windows mai bit 32 sababbi a 2018, ta kuma juya wa Windows 7 baya a 2021, bayan Microsoft da kanta ta janye hannu daga gare shi a watan Janairu na 2020. Katin da ya fito bayan haka zai iya nuna hoto, amma dishi-dishi, ba tare da ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa ba. Haka nan tsohon gilashi mai shuɗin baki, wato VGA: yawancin katunan da suka fito tun 2016 ba su aika irin saƙonsa, sai an sayo ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa VGA.

Shawararmu ga ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin sayen kayan ofis ita ce, kafin ya sa hannu a takarda, ya sa a buɗe kwamfutar a rubuto masa sunan uwar allo, da ƙarfin akwatin wuta, da irin Windows da ke ciki, a kuma auna faɗin gidan, don siraran kwamfutoci gajeren kati kaɗai suke ɗauka. Tsohuwar na'ura ta fi jituwa da kati mai ƙaramin ci, kamar GT 1030 na 2017 mai cin wat 30, ko GTX 750 Ti na 2014 mai cin wat 60, wanda yawancin irinsa ramin kaɗai ya ishe su. In da hali, a ɗauki kwamfutar a kai shago, a gwada katin gaban mai shi, a bar ta tana aiki mai nauyi kamar rabin awa kafin a ƙirga masa kuɗinsa.